Aikatau Mai Rakiya a Ingilishin Yau da Kullum: Nazari ta Fuskar Rukunan Aikatau na Hausa

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sassan nahawun Ingilishi da suka fi ba mai koyo wahala akwai wani nau'in aikatau wanda masana nahawun wannan harshe suke kira phrasal verb. Shi irin wannan aikatau ba ya tafiya shi kaɗai. Yakan zo ne tare da wata 'yar ƙaramar kalma, kamar up ko out ko off ko on, su haɗu su ba da ma'ana guda, wadda sau da yawa ba a iya gano ta ta hanyar duba ma'anar kowace kalma ita kaɗai. Alal misali, give na nufin 'ba', up kuwa 'sama', amma give up ba 'ba da sama' ba ne, 'saduda' ne ko kuwa 'daina'. A wannan maƙala za a kira irin wannan aikatau da suna "aikatau mai rakiya", ita kuma ƙaramar kalmar a kira ta "'yar rakiya".

Matsalar ba sabuwa ba ce. Tun a 1755 Samuel Johnson ya ambata, a gabatarwar ƙamusunsa, cewa wannan haɗi na daga cikin abubuwan da suka fi rikita baƙon harshe. Kennedy (1920) ya ware wa batun littafi guda, sannan Logan Pearsall Smith ya yayata sunan da ake kiran sa da shi a yau a littafinsa na 1925, inda ya ce daga Henry Bradley ya samo sunan. Daga baya aka sami ayyukan Bolinger (1971) da Fraser (1976) da kuma babban nahawun Quirk da abokan aikinsa (1985).

Ba kuma abu ne da mai koyo zai iya kauce masa ba. Gardner da Davies (2007) sun ƙidaya aukuwar aikatau mai rakiya har sau 518,923 a cikin taskar British National Corpus, wadda ta ƙunshi kalmomi kimanin miliyan 100 na rubutu da maganar baka. Abin sha'awa a bincikensu shi ne, aikatau 20 kacal, idan suka haɗu da 'yan rakiya 8, su ne suka samar da fiye da rabin wannan adadi. Wato ke nan abin da ake gani kamar daji ne marar iyaka, a haƙiƙa 'yan kalmomi ne ƙalilan suke ta jujjuyawa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa mafi yawan aikin da 'yar rakiya take yi a Ingilishi, Hausa ma tana yin sa, amma ta hanyar sauya ƙarshen aikatau, wato ta rukunan aikatau. A ganina, ta fuskar ma'ana Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Inda yake tuntuɓe shi ne wajen ginin jimla, musamman gurbin da karɓau yake zama.

2.0 Rarrabe 'Yar Rakiya da Harafi

Kafin a shiga kwatanci, wajibi ne a share wani ruɗani. Kalmomi irin su on da off da in da over suna da fuska biyu. Wani lokaci 'yan rakiyar aikatau ne, wani lokaci kuma haruffa ne masu gabatar suna, kamar dai "a" da "daga" da "ga" a Hausa. Dubi waɗannan jimloli:

(1) a. Bala turned off the radio. 'Bala ya kashe rediyon.'
b. Bala turned off the road. 'Bala ya kauce daga kan hanyar.'

A ido, ƙirar jimlolin ɗaya ce. Amma a (1a) off ta jingina ne da turned, su biyun suka ba da ma'anar 'kashe', sannan the radio ya zama karɓau. A (1b) kuwa off ta jingina ne da the road, ta yi aikin da "daga" take yi a Hausa. Ana tabbatar da wannan bambanci ta hanyar motsa kalmar. Alamar tauraro na nuna jimlar da ba ta karɓu ba:

(2) a. Bala turned the radio off.
b. *Bala turned the road off.

(3) a. *Bala turned quickly off the radio.
b. Bala turned quickly off the road.

Misali na (2) ya nuna cewa 'yar rakiya na iya tsallake karɓau ta koma bayansa, harafi kuwa ba ya iyawa. Misali na (3) ya nuna akasin haka: ana iya cusa bayanau irin quickly tsakanin aikatau da harafi, amma ba a cusa shi tsakanin aikatau da 'yar rakiyarsa. Akwai kuma shaida ta furuci, domin 'yar rakiya takan ɗauki nauyin murya, musamman a ƙarshen jimla, alhali harafi yakan zo da sauƙi. A the form she filled in, nauyin na kan in. A the friend she relied on, nauyin na cikin relied.

Bisa wannan ne Quirk da abokan aikinsa suka kasa waɗannan aikatau gida uku. Akwai mai rakiya zalla, kamar turn off da give up da break down, wanda zai iya zama so-karɓau ko ƙi-karɓau. Akwai mai harafi, kamar look after 'kula da' da rely on 'dogara da' da look for 'nema'. Sai kuma mai ɗauke da duka biyun, kamar put up with 'jure wa' da run out of 'ƙare wa mutum' da look forward to 'ɗokin zuwan abu'. Wannan na ƙarshe ne ya haifar da kuskuren nan da ya zama ruwan dare a wasiƙu, wato I look forward to hear from you. Da yake to a nan harafi ne, abin da zai biyo shi dole ya kasance suna ko sunan aiki, saboda haka hearing ne daidai.

3.0 'Yar Rakiya da Rukunan Aikatau na Hausa

Parsons (1960) ya kasa aikatau na Hausa zuwa rukuni bakwai bisa la'akari da wasalin ƙarshe da karin sauti. Uku daga cikinsu ne suka shafe mu: rukuni na 4 mai ƙarewa da -e, na 5 mai ƙarewa da -ar, da na 6 mai ƙarewa da -o.

3.1 Rukuni na 4 da up

Sanannen abu ne cewa rukuni na 4 yakan nuna aiki ya game karɓau baki ɗaya, bai bar saura ba. Wannan shi ne ainihin aikin da up take yi a ɗimbin aikatau na Ingilishi, inda ba ta da wata alaƙa da 'sama':

(4) a. He ate the food. 'Ya ci abincin.'
b. He ate up the food. 'Ya cinye abincin.'
c. She drank the milk. 'Ta sha madarar.'
d. She drank up the milk. 'Ta shanye madarar.'
e. They bought the grain. 'Sun sayi hatsin.'
f. They bought up the grain. 'Sun saye hatsin.'

Bambancin da ke tsakanin (4e) da (4f) ba ƙarami ba ne. Wanda ya sayi hatsi ya yi ciniki ne kurum. Wanda ya saye hatsi kuwa ya bar kasuwa fayau, kuma wannan zargi na ɓoye kaya yana nan daram a cikin buy up kamar yadda yake a cikin "saye". Brinton (1988) ta bayyana cewa irin waɗannan 'yan rakiya suna sanya wa aiki maƙura ne, wato iyakar da idan ya kai ta ya kammala. Duk Bahaushen da ya san bambancin "ci" da "cinye" ya riga ya san wannan bayani a aikace, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Haka abin yake a use up da tear up da dry up da lock up.

Rukuni na 4 yana da wata ma'ana ta biyu, wato raba abu da mazauninsa, kuma a nan off da away da out ne suke amsa masa: cut off 'yanke', wipe off 'goge', take away 'ɗauke', pull out 'cire' ko 'tuge', sweep away 'share'. Ashe ke nan abin da Hausa ta tara a ɗafa-ƙeya ɗaya, Ingilishi ya rarraba shi tsakanin 'yan rakiya uku ko huɗu. Wannan na daga cikin dalilan da kan sa ɗalibi ya san cewa ana bukatar 'yar rakiya a wuri, amma ya ɗauko wadda ba ita ba.

3.2 Rukuni na 5 da away

An daɗe ana ɗaukar rukuni na 5 a matsayin mai nuna sa wani ya yi aiki. Newman (1983) ya kawo hujjar cewa asalin ma'anarsa ita ce nisantar da aiki daga aikau, wato tura abu waje. Idan aka karɓi wannan ra'ayi, dangantakarsa da away da out ta fito fili: throw away 'jefar da', pour away 'zubar da', give away 'bayar da' ko 'kyautar da', take out 'fitar da'. Har ma "mayar da" yana da takwara a put back da give back.

3.3 Rukuni na 6 da aikatau na motsi

A nan ne kwatancin ya fi armashi, domin harsunan biyu sun yi wa abu ɗaya rabo iri ɗaya, amma kowane ya juya shi. Dubi wannan jeri:

(5) go in 'shiga' — come in 'shigo'
go out 'fita' — come out 'fito'
go down 'sauka' — come down 'sauko'
go up 'hau' — come up 'hawo'
go back 'koma' — come back 'komo'

Kowane motsi a nan yana ɗauke da bayani biyu: hanyar da aka bi, ciki ko waje ko sama ko ƙasa, da kuma alƙiblar motsin dangane da mai magana. Ingilishi ya sa alƙibla a cikin aikatau, wato go da come, ya bar wa 'yar rakiya hanya. Hausa kuwa ta sa hanya a cikin saiwar aikatau, ta bar wa ɗafa-ƙeya alƙibla. Talmy (1985) ya yi amfani da irin wannan bambanci wajen rarraba harsunan duniya: akwai masu zuba hanyar motsi a cikin aikatau, akwai kuma masu rataya ta a jikin wata kalma ta gefe, kamar Ingilishi da Jamusanci.

Sakamakon wannan tsari shi ne, da yake hanya ta koma kan 'yar rakiya, gurbin aikatau a Ingilishi ya zama fili da za a iya zuba yanayin tafiya a cikinsa. Don haka ake samun run in da limp out da creep up da rush back. Hausa ba ta da wannan sarari, sai ta nemi bayanau ko wata ganga: "ya shiga da gudu", "ya fita yana ɗingishi", "ya komo a gaggauce". Mai fassara daga Hausa da ya bi kalma da kalma zai rubuta he entered the room running, wadda ba za a ce kuskure ba ce, amma ɗan harshe he ran into the room zai ce. Mai fassara zuwa Hausa kuma dole ya warware ƙullin, ya mai da 'yar rakiya aikatau, ya mai da aikatau bayanau.

Game da ci gaban aiki, on da away ne suke nuna shi, kamar a read on da carry on da work away. A nan ba rukunan aikatau ne suke amsawa ba, sai "ci gaba da" da "yi ta" da "dinga". Yana da kyau a lura cewa "ci gaba da" shi kansa ƙirarsa ɗaya da go on with: aikatau ne da bayanau da harafi, kuma ma'anarsa ba ta da haɗi da cin abinci. Hausa na da irin waɗannan da dama, kamar "ja da baya" da "tashi tsaye" da "sa baki" da "sha kai", waɗanda baƙon Hausa yake shan wahalarsu kamar yadda muke shan ta put off da make out.

4.0 Gurbin Karɓau

Ƙa'idar da littattafan makaranta suke bayarwa ita ce: idan karɓau suna ne, yana iya zuwa kafin 'yar rakiya ko bayanta, idan kuwa wakilin suna ne, tilas ya shiga tsakani.

(6) a. Ladi threw away the letter. 'Ladi ta jefar da wasiƙar.'
b. Ladi threw the letter away.
c. Ladi threw it away. 'Ladi ta jefar da ita.'
d. *Ladi threw away it.

Ƙa'idar daidai take, sai dai ba a cika faɗin dalilinta ba. Ingilishi harshe ne mai son ajiye sabon bayani, da kuma yanki mai nauyi, a ƙarshen jimla. Wakilin suna kuwa ba shi da nauyi, kuma tsohon bayani yake ɗauke da shi, tun da ba a cewa it sai an riga an san abin da ake nufi. Saboda haka ba ya iya riƙe ƙarshen jimla idan ga 'yar rakiya mai ɗaukar nauyin murya. Shaidar wannan ita ce, idan aka ɗora wa wakilin suna nauyi don bambantawa, ƙa'idar takan sassauta, har a iya cewa they left out him, not her, da ƙarfafa him. Bolinger ya kawo irin waɗannan misalai.

Wannan dalili ne kuma ya sa zaɓin da ke tsakanin (6a) da (6b) bai zama na ganin dama kawai ba. Idan an riga an ambaci wasiƙar, (6b) ta fi dacewa; idan yanzu ne za a fara ambatonta, (6a) ta fi. Idan kuwa karɓau ya yi tsawo, 'yar rakiya ba ta yarda ta yi nisa da aikatau:

(7) a. Ladi threw away the letter that her brother sent from Jos last year.
b. ?Ladi threw the letter that her brother sent from Jos last year away.

Alamar tambaya a (7b) na nuna jimlar ba ta karya doka ba, amma kunne ba ya son ta. Gries (2003) ya bi wannan batu da ƙididdiga, ya nuna cewa abubuwa da dama ne suke haɗuwa su yanke hukunci, ciki har da tsawon karɓau, da ko an ambace shi a baya, da kuma yadda ma'anar haɗin ta yi nisa da ma'anar kalmominsa. Gwargwadon yadda haɗin ya zama salon magana, gwargwadon yadda yake ƙin rabuwa. Shi ya sa ake cewa give up hope, ba a cika jin give hope up ba. Hausa ma ta san wannan la'akari da nauyi. Mukan ce "ya kai wa Audu kuɗin", amma idan mai karɓa ya yi tsawo sai mu tura shi ƙarshe da "ga": "ya kai kuɗin ga mutumin da ya zo jiya da yamma".

To, me ya sa (6d) take yawan fitowa daga bakin ɗalibanmu? Ba wai don Hausa ba ta damu da bambancin suna da wakilin suna ba ne. Ta damu ƙwarai, har ma ta fi Ingilishi, domin aikatau na rukuni na 2 sauya wasali yake yi gaba ɗaya: "ya saya", "ya saye shi", "ya sayi doki". Wannan "saye" ɗin, a lura, ba shi ne na (4f) ba. Karin sautinsu ya bambanta. A ganina tushen matsalar yana cikin aikatau masu tafiya da "da". Bahaushe ya saba da "jefar da ita" da "kula da shi" da "rabu da su", inda ƙaramar kalma take manne da aikatau, wakilin suna ya biyo baya. Wannan tsari ya dace da aikatau mai harafi ɗari bisa ɗari: look after him daidai yake da "kula da shi". Sai ɗalibi ya ɗauki wannan ma'auni ya auna throw away da shi, ya ga away ta zauna a gurbin "da", ya samar da (6d). Da za a nuna masa ɗaya sigar ta rukuni na 5, wato "fisshe shi" da "saishe ta" da "gaishe su", inda wakilin suna yake manne da aikatau ba tare da "da" ba, da ya sami abin kamawa: a aikatau mai rakiya, wakilin suna jikin aikatau yake bi, 'yar rakiya ta jira a baya.

5.0 Inda Kwatancin Ya Tsaya

Ba za a ce kowace 'yar rakiya tana da takwara a Hausa ba. Akwai tarin haɗe-haɗe da ma'anarsu ta yi nisan da sai dai a haddace. Gardner da Davies sun gano cewa aikatau masu rakiya 100 da suka fi yawan aukuwa suna ɗauke da ma'anoni har 559, wato kowane yana da biyar zuwa shida a tsakaice. Take off na nufin tuɓe riga, da tashin jirgin sama, da kwaikwayon wani don ba'a. Make up na nufin ƙaga labari, da shiryawa bayan saɓani, da yin kwalliya. Idan fitila ta yi go off, mutuwa ta yi. Idan ƙararrawa ko bam ya yi go off, tashi ya yi. Gida yakan yi burn down, takarda ta yi burn up, alhali Hausa "ƙone" za ta ce a duka biyun. Takardar cikewa kuma, a Ingila fill in aka fi yi mata, a Amurka fill out.

Duk da haka, ina ganin kuskure ne a koyar da su yadda aka saba, wato a jero get up da get on da get over da get by a ƙarƙashin get, don kawai a shirya wa jarrabawa. Abin da ya haɗa waɗannan bai wuce harafin farko ba. Idan aka tara su ta fuskar 'yar rakiya, a kawo eat up da use up da buy up wuri ɗaya a gefen "cinye" da "ƙare" da "saye", ɗalibi zai ga tsari, kuma abin da ya rage na hadda zai ragu.

Wani abin lura shi ne matsayin 'yar rakiya idan ta koma gaban aikatau. Tsohon Ingilishi ya fi amfani da ɗafa-goshi, kuma a zamanin Ingilishi na tsakiya ne tsarin rakiya ta baya ya bunƙasa. Jamusanci har yanzu yana riƙe da duka biyun a kalma ɗaya, kamar anrufen 'kira ta waya', wadda kan rabu a ich rufe dich an. Ragowar tsohon tsarin ne ya bar wa Ingilishi tagwaye masu ruɗarwa: overtake 'wuce wani a hanya' da take over 'karɓe ragama', overlook 'kau da kai' ko 'rashin lura' da look over 'dudduba', upset 'ɓata rai' da set up 'kafa'. Idan kuma aka mai da haɗin suna, nauyin murya yakan dawo gaɓar farko, kamar a breakdown da takeoff da handout.

6.0 Aikatau Mai Rakiya a Ingilishin Nijeriya

Biber da abokan aikinsa (1999) sun nuna cewa aikatau mai rakiya ya fi yawa a hira da ƙagaggun labarai, ya ƙaranta a rubutun ilimi. Kusan kowane ɗaya yana da kishiya mai asali daga Latin ko Faransanci: put off da postpone, find out da discover, put up with da tolerate, put out da extinguish. Da yake yawancin 'yan Nijeriya a aji suka koyi Ingilishi, daga littafi, sai kishiyoyin suka fi zama a bakinsu, har akan ji mutum yana hira da abokinsa da kalmomin da Bature zai ajiye don rubuta rahoto.

An yi nazarin wannan ƙauracewa a wasu ƙasashe. Dagut da Laufer (1985) sun gano cewa ɗalibai masu jin Ibrananci, harshen da ba shi da irin wannan haɗi, suna guje masa. Laufer da Eliasson (1993) kuwa sun ga ɗaliban Suwidin, waɗanda harshensu yake da shi, ba sa gudun sa. Matsayin Bahaushe a tsakiya yake: yana da ma'anonin, ba shi da ƙirar.

Amma ba ƙauracewa kaɗai ake yi ba, ana kuma sarrafawa. Akan yar da 'yar rakiya, kamar a pick the call da pick the children from school, inda Ingilishin Ingila zai sa up. Akan ƙara ta inda babu ita, kamar a cope up with da voice out. Ta farkon ga alama an gina ta ne bisa ƙirar keep up with da put up with. Akan musanya wata da wata, kamar round up a maimakon round off wajen rufe jawabi, alhali a Ingila round up tattaro dabbobi ne ko kame masu laifi. Mafi ban sha'awa shi ne inda ake yar da aikatau ɗin kansa, a ɗora 'yar rakiya a gurbinsa: off the light, on the generator. Malamin makaranta zai ja wa wannan jan layi, kuma yana da hujja. Amma ga mai nazarin harshe, shaida ce cewa masu magana sun gane inda ma'ana take. A switch off da turn off da put off the light, kamar yadda ake faɗa a nan, aikatau ne yake canzawa, off tana nan; ita ce mai ɗauke da 'kashe', don haka aka ba ta aikin gaba ɗaya.

Wasu daga cikin waɗannan sun riga sun wuce matsayin kuskure. A watan Janairu na 2020 ƙamusun Oxford English Dictionary ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 daga Ingilishin Nijeriya, ciki har da flag off 'ƙaddamar da' da sunansa flag-off, da put to bed 'haihu', da kuma send-forth 'bikin ban kwana'. Wannan ta ƙarshe ta maye gurbin send-off ne, kuma ana iya zaton abin da ya jawo haka shi ne off ɗin, wadda kunnen ɗan Nijeriya yake jin ƙamshin kora a cikinta, kamar yadda alƙalin wasa yake yi wa ɗan ƙwallo da jan kati. Forth kuwa, duk da cewa ta tsufa a Ingila har ba a cika jin ta ba sai a tsofaffin littattafai da 'yan kalamai ƙayyadaddu, tana ɗauke da ma'anar tura mutum gaba da fatan alheri, wato abin da Bahaushe zai kira rakiya.